Rigakafin Ambaliyar Lantarki: Nazari a Kan Matsaran Wuta Daga Birnin Kebbi Zuwa Augie

1.0 GABATARWA

Bahaushe bai sha wahala ba wajen raɗa wa lantarki suna. Da ya ga abin yana haske, yana dafa ruwa, yana kuma ƙona wanda ya yi masa garaje, sai ya kira shi wuta. Daga nan sauran maganganu suka biyo baya: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta yi ƙasa, wuta ta haɗu. A cikinsu kuwa babu wadda ta fi ɓata wa jama'a rai kamar a ce an ɗauke wuta, har akan ji manya da yara sun haɗa baki suna ambaton Nepa, ko da yake hukumar da ke da wannan suna ta daɗe da shuɗewa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wata ɗaukewar wutar aikin tsaro ce. Akwai na'urori da aka girke musamman domin su yanke wuta da zarar ta wuce kima, tun kafin waya ta narke ko taransfoma ta ƙone. Za mu bi waɗannan na'urori daki-daki, mu ga yadda aka jera su tun daga babbar tashar Birnin Kebbi har zuwa ɗakin talaka a ƙasar Augie, sa'an nan mu duba abin da ke faruwa idan aka taɓa ɗaya daga cikinsu. Mun ga ya dace a yi wannan bayani da Hausa, domin masu taɓa waɗannan kaya a unguwanni, da masu yin karo-karon kuɗin gyara idan sun ƙone, duk da Hausa suke tunani.

2.0 KALMOMIN DA ZA MU YI AIKI DA SU

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware wani ƙulli na harshe. A maganar yau da kullum, "ƙarfin wuta" yana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda masana suka bambanta. Mai noman rani a fadamar Rima zai fi kowa saurin gane bambancin. Idan ya tayar da injin ban-ruwa, akwai ƙarfin da injin ke tunkuɗa ruwan da shi, akwai kuma yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo. Na farkon shi ne za mu kira matsin wuta, ana auna shi da bolt. Na biyun shi ne kwararar wuta, ana auna ta da amfiya.

Kowace waya, gwargwadon kaurinta, tana da iyakar amfiyar da za ta iya ɗauka, kamar yadda kowane gulbi yake da gaɓa. Idan kwarara ta haura wannan iyaka, ita ce muka kira ambaliyar lantarki. Makunnai da fis-fis da na'urorin awo da ake tarawa cikin akwatunan ƙarfe ko a filin tasha, domin kunna wuta da kashe ta da rarraba ta, su ne ma'aikata ke kira suwicgiya. Mu a nan za mu ce musu gungun makunnai.

Illar ambaliya ita ce zafi. Wani masani ɗan ƙasar Ingila, James Joule, ya gano tun wajen 1840 cewa zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwarara, ninkawa yake yi a kan ninki. Watau idan kwarara ta ninka sau 2, zafi zai ninka sau 4. Idan ta ninka sau 10, zafi zai ninka sau 100. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, a kan wannan ƙa'ida ya ginu.

3.0 HANYAR WUTA DAGA KAINJI

Wutar wannan yanki tana tasowa ne daga madatsar ruwa ta Kainji da ke kan Kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968. Daga can wani layi mai bolt 330,000 ya ɗauko ta, ya yi tafiyar sama da kilomita 300, ya sauke ta a Birnin Kebbi. A wannan tasha ake rage matsinta zuwa bolt 132,000, a aika Sakkwato, a kuma aika birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar ta layin da ya fara aiki a 1976. A nan ne kuma ake sake rage ta zuwa bolt 33,000 domin garuruwan jiha, irin su Argungu da ƙasarta. A cikin manyan garuruwa akan sake saukar da ita zuwa 11,000. A karkara kuwa sau da yawa taransfomar gari takan ja kai tsaye daga layin 33,000, ta ba da bolt 415 tsakanin wayoyi uku, watau kimanin 240 ke nan a kwan fitilar gida.

A da Nepa, wadda aka kafa a 1972, ita ke riƙe da wannan hanya tun daga farko har ƙarshe. Bayan dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 aka rarraba aikin. Kamfanin TCN ne ke kula da manyan layuka da tashoshinsu, kamfanin rarraba wuta na Kaduna kuma shi ke kai ta gidaje a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara.

Abin lura shi ne wannan hanya siffar itace gare ta: gindi ɗaya, sai manyan rassa, sai ƙanana. Idan reshe ya karye, ganyensa kaɗai ke bushewa. Idan gindi ya taɓu kuwa, kowa ya ji a jikinsa. An ga haka a watan Satumba na 2023, sa'ad da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta cinye manyan taransfomomi biyu, jihohin Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara suka shiga duhu. Aikin matsaran wuta ke nan: su tsare ɓarna a reshen da ta faru, kada ta gangaro gindi.

4.0 IRE-IREN AMBALIYA

4.1 Lodi fiye da kima. Wannan ita ce ambaliya mai shigowa a hankali. Mu ƙaddara akwai taransfoma mai KVA 500 a wata unguwa a Augie. Lissafi ya nuna kowace ɗaya daga cikin wayoyinta uku za ta iya ba da kimanin amfiya 695. To, ga bazara ta yi, zafi ya haura digiri 40, fanka da firji suna aiki, ga mai walda, ga injin niƙa, ga injin casar shinkafa. Sai kwarara ta kai 800 ko 900. Babu ƙara, babu tartsatsi. Amma a cikin tukunyar taransfoma, mai da takardar da ke raba wayoyi suna dahuwa sannu a hankali. Masana sun tabbatar cewa ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 8 a kan ƙa'ida, idan ya ɗore, yakan rage wa wannan takarda rabin kwanakinta.

4.2 Haɗuwar wayoyi. Wannan ita ce ambaliya ta farat ɗaya. Idan wayoyi biyu suka taɓa juna, wuta ta sami gajeriyar hanya ke nan wadda babu abin da ke tare ta. A bakin taransfomar da muka ambata, kwarara tana iya ninkawa sau 20 zuwa 25, watau amfiya 14,000 zuwa 17,000. Bisa ƙa'idar Joule, zafi ya ninka sau 400 zuwa sama da 600 ke nan. Irin wannan ba ta jiran daƙiƙoƙi.

4.3 Zubar wuta a ƙasa. Ita ce idan waya ta tsinke ta faɗi, ko reshen itace ya kwanta mata, ko tangaran ɗin da ke riƙe da ita a kan turke ya tsage, wuta ta riƙa zurarewa cikin ƙasa.

Sai dai akwai wani hanzari. Ba duk hauhawar kwarara ce cuta ba. Babban injin lantarki, a lokacin da ake tayar da shi, yakan ja kimanin ninki 6 na abin da ya saba ja, na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ya daidaita. Haka kuma idan aka dawo da wuta bayan doguwar ɗaukewa, kayan gari duka sukan tashi a lokaci guda. Saboda haka matsarin kirki dole ya iya bambanta baƙo da ɓarawo. Maigadin da ke yi wa kowace kyanwa kururuwa, ba a daɗewa ake sallamarsa.

5.0 MATSARAN WUTA

5.1 Fis. Shi ne mafi tsufa kuma mafi sauƙi, tun zamanin Thomas Edison a shekarun 1880 ake aiki da shi a Amurka. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka auna kaurinsa, aka sa shi a kan hanyar wuta da gangan domin ya zama shi ne wuri mafi rauni. Idan kwarara ta yi yawa shi ke fara narkewa, hanya ta yanke. Akwai ɗan ƙarami mai amfiya 13 a cikin filogi mai ƙafa uku. Akwai na kusa da mita, wanda ke tsare gida duka. Akwai na cikin akwatin ƙarfen nan da ke gefen taransfoma, wanda ma'aikata ke kira fida-fila, shi kuwa a cikin tangaran yake, an cika shi da yashi mai tsabta domin ya shanye tartsatsi. Akwai kuma na saman turke, wanda idan ya tsinke hannunsa ke faɗowa ya yi reto, har mai wucewa ya hange shi daga ƙasa. Fis sau ɗaya yake aiki, ya mutu domin kayan da suka fi shi tsada su rayu.

5.2 Ƙaramar bireka. Ita ce makunnin nan da ke faɗuwa da kansa a allon wutar gida. Wani Bajamushe, Hugo Stotz, shi ya yi rajistar ƙirarta a 1924. Dabara biyu ke cikinta. Akwai wani ɗan falle na ƙarafa biyu da aka manne, wanda ke lanƙwashewa a hankali idan ya ji zafi, wannan domin lodi ne. Akwai kuma maganaɗisu da ke fizge makunnin nan take, wannan domin haɗuwar wayoyi ne. Fifikonta a kan fis shi ne ana iya tayar da ita bayan an gyara abin da ya kayar da ita.

5.3 Babbar bireka da mataimakanta. A tashoshin bolt 11,000 da 33,000 abin ya fi haka wuya. Idan aka raba ƙarafa biyu alhali dubban amfiya na bi ta cikinsu, wuta ba ta yarda ta yanke, sai ta yi tsalle ta cikin iska kamar harshen walda. Don haka ake rufe bakin bireka a cikin mai, ko cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, ko cikin wata iskar gas ta musamman da ake kira SF6, domin a kashe wannan harshe. Babbar bireka ƙaƙƙarfa ce, amma makauniya ce, sai an ba ta umurni. Abubuwa uku ke yi mata hidima.

Na farko shi ne ma'aunin kwarara, wata 'yar ƙaramar taransfoma da ke zagaye da waya. Ita ke rage kwarara zuwa abin da za a iya aunawa. Alal misali, idan amfiya 400 na bin layi, sai ta ba da 5.

Na biyu shi ne rile, watau alƙalin tasha. Shi ke duba abin da ma'auni ya kawo ya yanke hukunci. Na dauri wani faifan ƙarfe ne da ke juyawa idan kwarara ta wuce iyaka, yana ƙara sauri gwargwadon yawanta. Na zamani kuwa 'yar kwamfuta ce, wadda har takan rubuta lokacin da matsala ta auku da yawan amfiyar da ta gani.

Na uku shi ne batirin tasha, galibi mai bolt 110. Da shi ne rile ke aika umurni, domin a lokacin hatsari ba a dogara da wutar layin da ke cikin matsala. Da umurni ya isa, bireka takan buɗe cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

6.0 GABA DA GABANTA

Wannan shi ne zuciyar darasin. Idan wayoyi suka haɗu a wani gida a Augie, ambaliyar ba a gidan kaɗai ake jin ta ba. Tana bi ta fis ɗin gidan, da na fida-fila, da na saman turke, da birekar layi a tasha, domin duk a kan hanya ɗaya suke. To, wa ya kamata ya yanke?

Amsar tana cikin tsarin sarautar da muka gada. Idan rigima ta tashi a unguwa, mai unguwa ke fara sasantawa. Idan ta fi ƙarfinsa sai dagaci, sa'an nan hakimi. Ba ta isa fadar Sarkin Kabi a Argungu sai na ƙasa duk sun kasa. Sarki yana sane, amma yana jinkirtawa domin ya ba na ƙasa damar yin aikinsu. Haka injiniyoyi suka tsara matsaran wuta. Wanda ya fi kusa da ɓarna shi ke yankewa da sauri, na sama da shi kuma ya ɗan dakata, ya shiga kawai idan na ƙasa ya gaza.

Ana cim ma wannan ta hanyar saiti biyu da kowane rile yake da su: iyakar amfiyar da zai fara motsi a kanta, da ma'aunin jinkirinsa. Rile na gama-gari an yi shi ne yadda duk sa'ad da ambaliya ta ƙaru, jinkirinsa ke raguwa. Bisa ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi, idan an bar jinkiri a kan 1, ga yadda abin yake:

ninki 2 na iyaka, kimanin daƙiƙa 10;
ninki 5, kimanin daƙiƙa 4.3;
ninki 10, kimanin daƙiƙa 3;
ninki 20, kimanin daƙiƙa 2.3.

Mu ɗauki misali. An saita rilen wani layi a kan amfiya 400, jinkirinsa a kan 0.1. Aka sami haɗuwar wayoyi mai amfiya 2,000, watau ninki 5. Zai ba da umurni bayan daƙiƙa 0.43. Rilen da ke sama da shi, idan iyakarsu ɗaya amma an sa nasa jinkiri a kan 0.2, sai bayan daƙiƙa 0.86 zai motsa. Kafin nan na ƙasa ya gama aiki, ambaliya ta ɗauke, na sama ya koma ya kwanta. Tazarar da akan bari tsakanin matsari da na gaba da shi ba ta cika gaza daƙiƙa 0.3 zuwa 0.4 ba. A wannan ɗan ƙiftawar ido ne ake raba tsakanin duhun layi guda da duhun gari duka. Ya kamata a sani kuma, a manyan layuka irin na Kainji zuwa Birnin Kebbi, wasu na'urorin ne masu auna nisan matsala ke kan gaba, rilen ambaliya yana mara musu baya.

7.0 HALIN ƘASAR FADAMA

Kowace ƙasa da irin jarabawar da take yi wa layin wuta. A kwarin Rima, iskar farkon damina takan kaɗa wayoyi su taɓa juna, ko ta karyo rassan dogon yaro a kansu. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan tangaran, idan yayyafin farko ya jiƙa ta sai ta zama hanyar wuta. Turakun da ke cikin fadama sukan karkata bayan ruwa ya ja. Mafi yawan irin waɗannan matsaloli masu wucewa ne, da an yanke wuta na ɗan lokaci sai su kau. Shi ya sa akan sa wa layukan karkara wata bireka mai mayar da kanta, wadda ke gwadawa sau biyu ko uku, idan matsalar ta ƙi kauwa sai ta kulle, ta jira ma'aikata. Wanda ya ga wuta tana ƙiftawa lokacin hadari, sau da yawa wannan aikin yake gani.

Matsalar da ta fi haɗari ita ce ta ƙarshen dogon layi. Tsawon waya yana rage kwarara, busasshiyar ƙasa mai rairayi kuma ba ta karɓar wuta sosai. Don haka waya tana iya faɗuwa da rani a bayan gari, amfiyar da ke zuba ba ta kai iyakar rile ba, ta ci gaba da zama da ranta a kan hanyar makiyayi da dabbobinsa. Saboda wannan ne ake ware wa zubar wuta a ƙasa nata rile, wanda ake saitawa ƙasa ƙwarai. Duk da haka, wayar da ta faɗi a ɗauke ta mai rai ce, kada a kusance ta.

8.0 INDA HANNUN MUTUM KE ƁATA TSARI

Na taɓa ganin wannan da idona a wata unguwa lokacin hutun bazara. Fis ɗin fida-fila ya tsinke sau uku cikin mako guda. Maimakon a tambayi dalili, sai aka kira wani mai gyara, ya murɗa wayar tagulla mai kauri ya ɗaura a gurbinsa. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, domin wuta ta daina ɗaukewa. Ba a rufa wata biyu ba, wata rana da tsakar dare aka ji ƙara, mai ya tsiyaye, taransfoma ta tashi daga aiki. Aka shafe watanni ana bin gida-gida ana karɓar kuɗi, masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma kan janareto. An gudu ba a tsira ba.

Abin da mai gyaran nan ya yi shi ne ya tuɓe mai unguwa. Ruwa ba ya tsami banza. Fis da ke yawan tsinkewa yana ba da labari ne cewa lodi ya fi ƙarfin taransfoma, ko an jibga gidaje a kan waya ɗaya an bar biyu, ko akwai inda wayoyi ke gogar juna. Da aka toshe bakinsa, wuri mafi rauni ya tashi daga ƙarfen da bai taka kara ya karya ba, ya koma cikin taransfoma mai tsadar miliyoyin naira.

Wannan kuskure yana da 'yan'uwa a kowane mataki. A gida, shi ne a sa bireka mai amfiya 32 a kan siririyar wayar da aka yi domin fitila, sai wayar ta riga birekar jin zafi a cikin silin. A unguwa, shi ne kowa ya riƙa sauya layi zuwa wanda ya fi haske, har nauyi ya taru a waya ɗaya. A tasha kuwa, shi ne a ɗaga saitin rile don a huta da faɗuwar bireka, ko a yi ta mayar da wuta kan layi ba tare da an bi shi an duba ba, ko a bar batiri ya mutu, alƙali ya yanke hukunci babu mai isar da shi. A kowane hali sakamakon ɗaya ne: ɓarna ta haura sama, inda gyara ya fi tsada, duhu kuma ya fi faɗi.

9.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa ambaliyar lantarki iri uku ce, matsaranta kuma an jera su ne bisa tsarin gaba da gabanta, tun daga fis ɗin filogi har zuwa birekar Birnin Kebbi. Lafiyar wannan tsari ta dogara ne a kan a bar kowane matsari a kan awon da aka yi masa. Saboda haka shawararmu ga jama'a ita ce, idan fis ya tsinke a maye gurbinsa da irinsa daidai, idan ya sake tsinkewa a nemi dalili, a kuma bar taɓa fida-fila ga ma'aikatan da aka horar.

Akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa da malamanmu. Yawancin rubutun da ke jikin waɗannan na'urori, da littattafan da ke bayaninsu, ba da harshen masu amfani da su aka yi su ba. Kalmomin da muka kawo a nan, irin su matsin wuta da kwararar wuta da ambaliyar lantarki, shawara ce muka gabatar, ƙofar gyara kuma a buɗe take. Zai yi kyau wani daga cikinmu ya zauna da masu haɗa wuta na Argungu da Birnin Kebbi, ya tattara kalmomin da suke amfani da su a bakin aiki, a tace su, a kai su makarantun koyon sana'a da gidajen rediyo. Ranar da mai unguwa da mai niƙa suka iya bayyana wa junansu dalilin tsinkewar fis da harshensu, ranar ce za a rage ɗaura masa wayar tagulla. Masu iya magana dai sun riga sun ce rigakafi ya fi magani.